Alhamis, Bakwai da Kwata

Sau uku kwamfutar asibitin tana ƙoƙarin buɗe fayil ɗin, sau uku tana sumewa. A karo na huɗu mai kula da na'urorin bai ko gwada ba. Ya janye hannunsa, ya dubi likita, likita ya dubi agogo.

Bugun zuciyar Baba ne a cikin fayil ɗin, na kwana goma sha huɗu cur. Tun da ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida aka manna masa wata 'yar na'ura a ƙirji, da ita yake kwana, da ita yake tashi, da ita yake tuƙa bas ɗin da ke kai ma'aikatan masana'anta aiki. Shekara ashirin da shida yana riƙe da sitiyarin nan bai taɓa goge ko fenti ba. Yanzu masana'anta ta ce sai ya kawo takardar likita kafin ya ci gaba, likitan zuciya kuwa sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma ƙarfe huɗu zai tafi.

"Manhajar ta saba da na kwana biyu," in ji mai kula da na'urorin. "Wannan ya fi ƙarfinta."

Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, tana tsaye a bayansu riƙe da hularsa. Rakiya kawai ta zo. A gida an san tana rubuta manhajoji, amma idan aka tambayi Baba aikinta, cewa yake, "Zama take tana hararar allo, ana biyanta."

"Malam, nawa ne girman fayil ɗin?" ta tambaya.

Ya faɗa mata. Ya ninka ƙwaƙwalwar kwamfutar sau bakwai.

"Ai dole ta suma. So take ta haɗiye shi gaba ɗaya kafin ta nuna muku komai. Idan Likita ya yarda, zan iya leƙa shi ba tare da an ɗauko shi ba."

Mai kula da na'urorin ya ɓata rai. "Shi kaɗai ne kwafin da muke da shi fa. Idan ya lalace, sai Baba ya sake wani sati biyun."

"Don karatu kawai zan buɗe shi. Ko na so in canza ɗigo ɗaya, kwamfutar ba za ta bar ni ba."

Likita ya dubi Baba. Baba ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Zuciyata ce, 'yata ce. Ku ba ta kujera."

Ta fara neman littafin da ya zo da na'urar, wanda har yanzu yake cikin ledarsa, ta karanta yadda aka jera bayanan. Sannan ta soma rubutu. Abin sha'awa ne ganin mutum yana aikin da ya iya. Ba ta gaggawa, ba ta kuma ɓata ko minti ɗaya; ta rubuta layi, ta tsaya, ta goge rabinsa, leɓunanta suna motsi. Duk abin da ta rubuta bai cika allo ɗaya ba. Mai kula da na'urorin, da ya fara kallo hannu a ƙugu, bai san lokacin da ya jawo kujera ya zauna ba.

"Me kika yi masa?" ya tambaya.

"Taswirarsa na shimfiɗa wa kwamfutar. Fayil ɗin yana nan kwance a faifai, bai motsa ba. Amma kowane wuri a cikinsa yanzu yana da adireshi, kamar yana cikin ƙwaƙwalwarta. Inda na taɓa, nan kaɗai za ta je ta ɗauko, shafi ɗaya. Sauran ba ruwanta da su."

"Kamar tasha," in ji Baba daga kan gado. "Ba sai ka zaga gari duka ba kafin ka sauke mutum ɗaya."

"Kamar tasha, Baba."

Kowane sakan na bugun zuciya wuri iri ɗaya yake ci a fayil ɗin, don haka lissafi ne kawai: a ba ta rana da lokaci, ta ninka, ta sauka daidai wurin. Likita ya tambayi Baba ko ya ji wani abu a kwanakin nan. Baba ya ce ran Lahadi da hantsi jiri ya ɗan ɗebe shi yana wanke takalmi. Auta ta buga lambobin. Kafin ta ɗauke yatsa, layi ya bayyana a allo yana hawa yana sauka, tsaf da shi.

"Kai!" in ji mai kula da na'urorin. "Wallahi ko na kwana biyun ba ya buɗewa da saurin nan."

Likita ya sa tabarau ya bi layin gaba da baya. Ya sa ta duba wurare goma sha biyu da ya zaɓa da ka, safiya da rana da lokacin barci. Ko'ina lafiya lau.

"A bi shi duka fa?" ya tambaya.

"Zai yiwu, amma da wannan faifan sai yamma liƙis."

Likita ya sake duban agogo. Huɗu saura kwata. "Abin da na gani bai tayar mini da hankali ba. Zan ba shi takardar wata ɗaya, in na dawo mu duba sauran." Ya ciro biro.

Daɗi ya kama Auta, har ta juya don ta yi wa Baba murmushi. Sai ta ga ba takardar yake kallo ba, allon yake kallo.

"Auta," ya ce, "wato abin nan naki, inda aka nuna masa kaɗai yake gani?"

"Nan kaɗai, Baba."

"Inda ba a nuna masa ba fa?"

"Yana nan a rubuce, amma babu wanda ya karanta."

Baba ya shafa wurin da filasta ta bar masa ja a ƙirji. Likita ya riga ya rubuta kwanan wata.

"Dakata, Likita. Auta, duba mini Alhamis ta biyu. Bakwai da kwata na safe."

Auta ba ta buga nan take ba. Babu wanda bai san inda Baba yake ba da bakwai da kwata na safe a ranar aiki. Ta ji kamar ta ce lissafin ya rikice, ko kwamfutar ta gaji, kuma ta san babu wanda zai iya ƙaryata ta a ɗakin. Ta dubi mahaifinta. Ya gyaɗa mata kai.

Ta ninka, ta buga.

Layin ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, sai ya miƙe sumul. Likita ya ɗora biro a kan allon yana ƙirgawa a hankali. Sai da ya kai sakan shida zuciyar na tsaye kafin layin ya sake ɗagowa.

"A danja muke tsaye," in ji Baba. "Allah ya sa na ja birkin hannu. Hon ɗin na baya ne ya farkar da ni. Mutum talatin da biyu ne a motar, babu wanda ya lura."

Likita ya ninke takardar biyu ya sa a aljihu. Ya zauna, ya fara bayanin wata ƙaramar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fata, ya ce da ita mutum zai yi shekaru yana harkokinsa. Bai ambaci tuƙi ba, Baba ma bai tambaya ba. Ƙarfe huɗu ta wuce, likita bai tashi ba.

Auta ta rufe fayil ɗin kamar yadda ta same shi. Baba ya sauko daga gado, ya karɓi hularsa, ya tsaya a bayanta yana duban 'yan layukan da ta rubuta, waɗanda ba ya iya karanta ko ɗaya.

"Wannan ɗan abin ne duka?"

"Shi ne duka, Baba."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafa kafaɗarta.

"To ki bar musu shi," ya ce. "Wani direban zai zo."