Ingilishin Mardiyya

Tun da 'yan bindiga suka sa aka rufe lakwal ɗin da take koyarwa can wajen Gabi, Mardiyya ke zaune gidan yayanta a Madarunfa, ba aiki, ba miji, daga ita sai ɗiyarta Jamila. Dangin marigayi mijinta kuwa sun riga sun yanke magana: in damina ta faɗi ba ta da abin riƙon yarinya, za su zo su tafi da ita Safo. Wannan tsoron ko abinci ba ya barin ta ta ci.

Ana haka wata ƙungiyar agaji ta ce tana neman mai jin Ingilishi. Mardiyya ba ta ji, amma ta tsinci wata dabara cikin salularta: wai rabin Ingilishi daga Latinanci ya fito, uwar Faransancin da ta iya tun tana ƙarama. In ka riƙe saiwa guda, sai kalmomi su biyo ta zugui-zugui. Port ɗauka ce, scrib rubutu, dict faɗa. Kai, baiwar Allah ta duƙufa! Tana daka tana bita, tana wanki tana bita, har matar yayanta ta laƙaba mata Baturiyar gida. Sai dai ko sau ɗaya ba wanda ya yi mata yaren da baki, daga ita sai takarda.

Ran gwaji aka miƙo mata shafi guda, manyan kalmomi reras, duk ta san asalinsu. Ta fassara shi tas. Hankalinta ya ɗan kwanta.

Sannan aka shigar da ita buro, wato ofishin shugabar ƙungiyar, wata doguwar mata mai fara'a. Matar ta jefo mata magana, 'yan guntayen kalmomi kamar ana watsa wa kaji tsaba. Mardiyya ta laluba, babu saiwa ko ɗaya. Matar ta maimaita a hankali. Wayyo, ko kalma guda ba ta kama ba! Ta sunkuyar da kai.

Sakataren da ke gefe ya ji tausayinta, ya ce da Hausa, "Madam, ai ba a fara ba tukuna. Tambayarki take, kina da yara?"

Mardiyya ta ɗaga kai, ta ga shugabar ta riga ta tura takardunta gefe.

"Ɗaya," ta ce. "Zuwa damina."