Damo a Gadon Jego

Ranar da marka ta cika kwana shida ba a ga ƙwayar rana ba, Asibi ta leƙa akurkin damonta da safe ta tarar da shi ya ɗaga kai sama, baki a buɗe, kumfa na fitowa ta hancinsa. Duk numfashin da ya ja sai ta ji wani siririn fito a ƙirjinsa. Dodon koɗi ukun da ta ajiye masa tun shekaranjiya suna nan suna yawonsu a bango hankali kwance. Ta san wannan fiton, ta taɓa jin irinsa a gidan nan.

Asibi tsohuwar ungozoma ce a wata 'yar unguwa bayan Mabai, kuma rabin mutanen unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Damon kuwa na mijinta ne, marigayi Idi. Shekara shida da suka wuce ya ƙwato shi daga bakin karnuka a gonar dawa, ƙafar baya ɗaya a tauna, ya kawo shi gida a cikin hula. Ya warke da ɗingishi, bai ƙara iya gudun da zai tsira a daji ba, sai ya zama ɗan gida. Idi ya sa masa suna Maigari, wai don ba ya noma, ba ya ɗiban ruwa, sai kwanciya a rana ana kawo masa abinci. Da hantsi su biyu suke zama a jikin tsohon dutsen niƙa, mutum yana gyaran ƙotar fartanya, damo ya baje ciki a kan dutse, ba mai ce wa wani uffan.

Bara war haka sanyi ya kama Idi a ƙirji. Rafi ya cika ya yanke hanyar Ƙanƙara kwana huɗu, Asibi ta lulluɓe shi da bargonsa mai ratsin ja, ta dafa duk saiwar da ta sani, ta zauna tana sauraron fiton nan har ya tsaya. Tun daga ranar ba ta yafe wa kanta ba, ko da yake ba wanda ya ce laifinta ne. Damon shi ne abin da ya rage mata mai motsi daga mijinta, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa tana sonsa.

Ɗanta Daniel mutumin kirki ne, sai dai irin masu kirkin nan da ba sa tambaya kafin su yi. Da rani ya ga uwarsa tana damuwa kada karnuka su sake afka wa dabbar, sai ya zage ya gina masa akurki na bulo da siminti a gindin mangwaro, ya rufa kwano, har da ƙofar waya da sakata. Jama'a suka yi ta zuwa kallo, ana cewa damo ya riga masu gida shiga siminti. Ba wanda ya lura cewa rana ba ta taɓa sauka a wurin, kuma duk ruwan tsakar gida ta nan yake bi.

Da ta ga halin da Maigari ke ciki, Asibi ta yi abin da kowace uwa za ta yi. Ta ɗauko bargon Idi daga ƙasan akwati, ta naɗe shi tsaf kamar jariri, ta kwantar da shi a ɗakinta. Kwana biyu yana cikin bargo. Ran na uku ta sa hannu ta taɓa cikinsa, ta ji shi sanyi ƙalau kamar gindin randa, idanunsa sun rufe, harshen da ba ya zama cikin baki ya daina leƙowa.

A wannan safiyar Gide ya shigo. Ƙanin Idi ne, maharbi, wanda ya gama dazukan Damari da Sabuwa a zamanin ƙuruciyarsa, kuma tun ranar da aka kawo Asibi gidan amarya yake tsokanarta bai gaji ba. Ya tsuguna, ya buɗe bargon, ya daɗe yana kallo. Wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Yaya, wanga ya gama," in ji shi. "Na ga damo ya hi ɗari, ban taɓa ganin wanda ya yi kumfar hanci ya tashi ba. Ki bari in yanka shi tun da sauran rai, kada shi zama mushe a yi asarar nama. Shi ma ya huta."

"Naman ƙanin naka za ka ci?"

"Ƙanina ba shi da wutsiya."

"To ka maida wuƙarka kube. Ƙanƙara za ni da shi."

Gide ya riƙe baki. "Ki kai damo asibiti? Sai an yi shekara ana ba da labarinki a kasuwa." Ya miƙe yana kaɗe riga. "Na ba ki kwana bakwai. In ya kai, ni zan riƙa kamo mishi fara har ƙarshen kaka."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba, haka ake yi wa akuya da rago in sun kwanta, kuma Asibi ta sani. Amma ta ji zafin maganar har cikin ranta. Rafi bai cika ba bana, saboda haka ta saka damon a kwando da bargonsa, ta hau bayan babur ɗin Daniel, suka bi taɓo suna zamewa har cikin Ƙanƙara.

A bakin kasuwa akwai shagon maganin dabbobi na wata matashiya, Malama Shafa'atu, 'yar Faskari, wadda ke zagaya ƙauyuka tana yi wa awaki allura. Fulani biyu da ke jiran maganin tsutsa suka ga abin da ke cikin kwando, ɗaya ya yi baya, ɗaya ya fashe da dariya. Shafa'atu ba ta yi dariya ba. Ta buɗe bakin damon da ɗan tsinke, ta ga majina mai yauƙi, ta kara kunne a gefen ƙirjinsa.

"Iya, gaskiya zan hwaɗa miki, ban taɓa duba damo ba," ta ce. "Amma bari in kira wanda ya koyar da ni."

Ta daɗe a waya tana faɗin abin da ta gani, tana rubutu a bayan kwali. Da ta gama ta ɗora damon a ma'auni, sannan ta tambayi inda yake kwana. Daniel ya ba da labarin akurkinsa da alfahari, har da tsayin bulo. Tun bai kai ƙarshe ba ya ga fuskarta, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ciwon huhu ne, sanyi da laima suka sa mishi," in ji Shafa'atu. Ta ɗaga gefen bargon. "Iya, wanga ba ya yi mishi komai. Ni da ke jikinmu ke yin ɗumi, bargo ya tsare mana shi. Damo ba shi da wuta a jiki, aro yake yi daga rana da dutse mai zahi. In kin naɗe shi yana sanyi, sanyin kika tsare mishi. Kuma in bai yi ɗumi ba, allurar da zan yi mishi ma ba za ta zagaya jikinshi ba."

Asibi ta dubi bargon. Kwana biyu ke nan tana kashe shi da hannunta tana zaton jinya take yi, kuma kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta.

Shafa'atu ta yi masa allura a ƙafar gaba, ta ce za ta riƙa biyowa duk bayan kwana uku ta ƙara wata. Sannan ta lissafa abin da yake bukata. Wuri busasshe, mai zafi sosai a gefe guda, da sanyi a ɗaya gefen don ya matsa in ya ishe shi. Ban da hayaki ko kaɗan. Ta ce masu kiwon irinsa a birni ƙwan lantarki mai zafi suke rataya musu, ta dubi Daniel, ya girgiza kai, don ko turken wuta bai kai unguwarsu ba. Ta dubi sama, gajimare ya rufe ta ruf.

"Dutse mai zahi daga ƙasa," in ji Asibi a hankali. "Ɗiyata, wanga ai aikina ne."

A ƙuryar gidan akwai tsohon ɗakin jego, mai gadon ƙasa da rami a ƙarƙashinsa, inda ake zuba garwashi mai jego ta kwanta ta gasa jiki. Asibi ta yi shekara talatin tana hura wa mata wannan gado, kafin ma'aikatan lafiya su ce a daina, matan zamani su ƙi kwanciya a kai. Yanzu kabewa da tsohuwar galma ne a ɗakin. Tana sauka daga babur ta sa Daniel ya kwashe komai, ta share, ta toshe inda rufin ke yoyo.

Ba ta hura wuta a ciki ba. A waje ta ƙona gawayin ƙirya har ya yi jajir hayaƙinsa ya ƙare, sannan ta ɗebo shi da kasko ta tura a ramin gadon, ta wajen kai kawai, ta bar wajen ƙafa da sanyinsa. Ta bar ƙofa da taga a buɗe. Ta jira, ta ɗora gwiwar hannunta a kan gadon tana ƙirga numfashi, kamar yadda take yi wa masu jego. Zafin ya yi yawa, ta janye rabin garwashin. Ta sake gwadawa. Sai da ya kai yadda dutsen niƙa ke yi da azahar a watan bazara, sannan ta zare Maigari daga bargo ta shimfiɗa shi.

Ya fi sa'a guda bai motsa ba. Can sai ta ga haƙarƙarinsa ya buɗe, ya baje ciki a kan gadon yadda yake yi a dutse. Ta san wannan kwanciyar.

Aikin ya ci ta. Sau biyar a wuni take sauya garwashi, ta goge masa hanci da tsumma mai ɗumi, ta sa shi cikin ƙwarya mai ruwan ɗumi ya ɗan sha. Matan unguwa suka samu abin magana, suna shigowa barka, wata har da tambayar ranar suna da ko za a dama kunun kanwa. Asibi ta ce duk wadda ta zo barka hannu sake ta koma ta kawo gawayi, kuma abin mamaki sun kawo. Ran na uku kumfa ta ragu, ya ja jiki da kansa zuwa gefen sanyi, ya dawo. Ran na huɗu ya sake yin laushi, fiton ya dawo da ƙarfi, Asibi ta fita bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta dawo ta sauya garwashi. Ran na shida Shafa'atu ta zo allura ta uku, sai da Daniel ya danne shi da hannu biyu, ta ce wannan faɗan shi take son gani. Abinci ne kawai har yanzu ya ƙi kallo.

Ran na bakwai da hantsi Gide ya yi sallama, wuƙa a kugu kamar kullum. Ya tsaya bakin ƙofa ya ga damo a kan gadon masu jego, ya ce, "Yaya, mi aka samu, mace ko namiji?"

"Shigo ka gani da idonka."

Ya shigo, ya sunkuya, ya miƙa hannu zai taɓa cikin dabbar ya ji ko da sauran nama. Maigari ya kumbura wuya, ya yi wani huci mai tsabta, babu fito a cikinsa, ya zabga masa wutsiya a dantse. Ƙarar ta kai tsakar gida. Gide, wanda ya kashe damo fiye da ɗari, ya yi baya ya zauna daɓas cikin ƙwaryar ruwa.

Asibi ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauko dodon koɗi daga kasko ta ajiye a gaban damon. Harshe ya leƙo sau ɗaya, sau biyu. Sai ya cafke, ta ji ƙarar ɓawon yana fashewa a bakinsa, ya haɗiye, ya ɗaga kai yana neman wani. Ta ba shi na biyu, ta ba shi na uku, tana dariya hawaye na zuba, farin ciki ya cika ta har ba ta san inda za ta sa kanta ba.

"Gide," ta ce, "fara har ƙarshen kaka. Manya nike so, ban da 'yan ƙanana."

Gide ya miƙe yana matse wando, yana duba shatar da ta kwanta a dantsensa. "Na ji," ya ce. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Da Yaya Idi na nan, yau da ya yi mani dariya har ya faɗi."

Bayan kwana biyu marka ta ɗauke. Daniel bai jira an ce masa ba, ya tuge kwanon akurkin, ya kwashe bulon ya sake gini a gabas da rumbu inda rana ke fara sauka, ya zuba ƙasa mai zurfi don damon ya yi rami, ya mirgino dutsen niƙa ya kafa a tsakiya. Asibi ta wanke bargon mai ratsin ja, wanda ba ta iya ko kallonsa shekara guda, ta shanya shi a dangar gida. Da ya bushe ba ta mayar da shi ƙasan akwati ba. Ta ninke shi ta shimfiɗa a jikin dutsen, daidai inda Idi yake zama, ta zauna a kai tana ɓarar gyaɗa, Maigari ya baje ciki a gefenta yana numfashi ba a jin komai.