Ruwan da Ke Jikin Kalanda

Ba Inna ce ta roƙi a kai ta ko'ina ba, wannan a fara sani. Tana zaune a ɗakinta tana kafa maɓallin riga sai Auta, ɗanta na ƙarshe, ya shigo ya tsaya gaban kalandar da ke jikin bango ya ce, "Inna, haɗa kayanki. Na kama mana gidan hutu a ƙauye, kusa da ruwan nan naki. Wannan karon sai kin gan shi da idonki."

Kalandar ta girmi Auta. Ranakun jikinta sun daɗe da yagewa, hoton kaɗai ya rage: ruwa fari fat yana faɗowa daga kan wani baƙin dutse, itatuwa sun kewaye shi. Mijinta ne ya kawo ta, marigayi Direba, lokacin da yake jan babbar mota ta yankin da ruwan yake. Ya ce mata hoton bai faɗi komai ba. Ya ce tun kana nesa ƙasa take rawa a ƙarƙashin ƙafarka, kuma fuskarka na jiƙewa kafin idonka ya ga ruwan. Ya ce zai kai ta in yara sun tasa. Yara suka tasa, ya ce sai ya sayi motar kansa. Motar nan bai saye ta ba har Mai shi ya karɓi abinsa. Ita kuwa duk gidan hayar da suka koma, kafin ta kafa gado sai ta kafa ƙusar kalanda.

Shi ya sa da Auta ya faɗi haka sai ta hau shiri. Ta ba tela sabon ɗinki. Ta sayi takalmin roba mai kama ƙasa, don Direba ya ce wurin da santsi.

Gidan hutun yana can ƙarshen wata hanyar burji, bayan gonaki, shi kaɗai kamar wanda ya yi faɗa da dangi. Bangon falon duk gilashi ne, har Inna ta ce wanda ya gina shi bai san kunya ba. Murhun kicin ba ya fitar da harshen wuta, sai dai ya yi ja kamar idon mai fushi. Gadon da aka ba ta in ta hau sai ya haɗiye ta, ta janyo bargo ta shimfiɗa a ƙasa. A tsakar gida kuma ga kwamin ninkaya, ruwa shuɗi, ba murfi ba shinge. Tun da ta gan shi gabanta ya faɗi, don sun zo da jikanta, ɗan Auta, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Maigida take kiransa.

Da gari ya waye ta yi wanka, ta saka takalmin robarta, ta fito falo. Matar Auta ta dube ta ta yi murmushi.

"Inna, yau tsohon ginin kan tudu za mu gani, hawa ne zalla, ba abin da zai burge ki. Ki huta abinki. Ga Maigidanki nan ya taya ki hira, kin san mota na sa shi amai."

"Ruwan fa?"

"Ai shi ne babba, Inna," in ji Auta yana kaɗa makullin mota. "Mai daɗi a ƙarshe ake ajiye shi."

Hutun da ta yi ke nan: bin yaro daga ɗaki zuwa ɗaki. Ya nufi kwami ta kamo shi, ya nufi gilashi ta kamo shi, ya tsinci tsakuwa ya kai baki ta zaƙulo. "Kai Maigida, wane irin miji ne kai," take ce masa, "ko cefane ba ka yi, sai sa mace gudu." Shi kuwa ya bangale baki da haƙoransa na gaba ya sake nufar ruwa.

Kashegari tafki suka je, aka ce kwalekwale ba na tsofaffi ba ne. Bayan nan gonar dawaki, aka ce rana za ta yi mata yawa. Kullum da dalili, kuma kullum dalilin don lafiyarta ne. Ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan tausayi da ke barin mutum da wankin wandon yaro ba.

Akwai wata mata mai gyaran gidan, tana zuwa da hantsi ta yi shara ta canza zanen gado. Ita ta nuna wa Inna wani tudu ta bayan gida ta ce, "Yana bayan wancan, Baba. In iska ta juyo daga can har ƙararsa ana ji." Daga ranar, in Maigida ya fara gyangyaɗi sai Inna ta goya shi ta je bakin shingen baya ta tsaya. Ta zame ɗankwali daga kunne ɗaya. Wani lokaci ta ji wani abu can ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota tana hawan tudu da kaya, irin ƙarar da take kasa kunne ta ji a da, in Direba ya kwana biyu a hanya. Wani lokaci kuma ba komai sai kukan kurciya. Takan tsaya har bayanta ya ƙage.

A nan bakin shingen take wata rana, taga a buɗe, ta ji matar Auta a waya tana dariya. "Ke dai bari. Mai renon ce ta ajiye mana aiki muna shirin tafiya. Ba don Inna ba ai da hutun ya lalace."

Biri ya yi kama da mutum. Inna ta haɗiye maganar. Ta ce a ranta in reno ne kuɗin shiga wurin ruwan nan, to, ta biya. Ba yau ta fara reno ba.

Ana gobe za su koma, suka ce za su leƙa kasuwar ƙauye su dawo da wuri. Sai la'asar sakaliya motar ta shigo. Auta ya fito rigarsa ta manne a jiki, matarsa tana matse gefen mayafi, takalmansu duk laka.

"Ruwan sama aka yi a kasuwar?" in ji Inna.

Suka dubi juna. Auta ya sosa ƙeya. "Wato Inna, ashe a kan hanya yake, sai muka ce bari mu duba miki yadda wurin yake. Gara da muka duba. Matakala ce, gangare, ba iyaka. Gwiwarki ba za ta ɗauka ba wallahi. Amma kin ga, na ɗauko miki shi." Ya miƙo waya. Ga ruwa nan ƙarami kamar tafin hannu yana zuba, ga matarsa a gabansa ta ɗaga yatsu biyu. "Kamar kin je."

Inna ba ta karɓi wayar ba.

"Hoto ina da shi tun kafin a haife ka," ta ce. "Nawa ma ya fi naka girma."

"Haba Inna."

"Kar ka haba ni. Ni na ce ka kawo ni? Ina ɗakina da rufin asirina ka zo ka tayar mini da abin da ya kwanta. Da ka ce Inna, mai reno ta gudu, zo ki riƙe mana yaro, da zan ƙi ne? Wa ya riƙe ka kai? Amma ka rasa abin da za ka yi mini tarko da shi sai alkawarin ubanka."

Matar Auta ta ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri, ba haka muka nufa ba."

"Ke ba da ke nake ba, 'yar nan. Ke a naki sanin tsohuwa da kujera duk ɗaya ne, inda aka ajiye su nan za a tarar. Da wanda na haifa nake."

Auta ya ce wata shekarar za su dawo, za a nemi yadda za a yi. Inna ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Wata shekarar. Ta san wannan magana, ta ci ta ta ƙoshi a bakin wanda ya fi shi iya faɗinta.

Da safe aka fito da akwatuna. Auta ya gama ɗaure kaya, ya zagayo zai shiga mota, sai ya ga Inna ta janyo kujerar roba daga bakin kwami ta dasa ta a tsakiyar ƙofar fita. Tana zaune cikin sabon ɗinkinta, da takalmin roba, hannaye a kan gwiwa.

"Inna, hanya da nisa. Wasu baƙin za su shigo gidan nan yau."

"Su shigo. Sai in ba su labari."

Mai gyaran gida ta iso da bokiti da tsintsiya, ta tsaya turus.

"Yauwa, zo ki yi mana shari'a," in ji Inna. "Kina nan kullum. Tun da na zo, ƙafata ta taka waje da shingen nan?"

Matar ta dubi Auta, ta dubi ƙasa. "Gaskiya ban gani ba, Baba."

"Yaron nan ya faɗa ruwa? Ya kwana da yunwa?"

"A'a."

"To na yi nawa. Saura nasu."

"Matakalar ce fa, Inna," in ji Auta, muryarsa ta fara tashi. "In kika faɗi a can me zan ce wa yayyena?"

"Ka ce musu na faɗi a inda nake so. Gwiwar tawa ce ko taka? Da take bin ɗanka daga safe har yamma ban ji ka tambaye ta ba."

Mai gyaran gida ta juya baya tana gyara tsintsiyar da ba abin da ya same ta. Matar Auta ta ɗauki Maigida ta ce a hankali, "Ka kai ta. Mu ma jira a nan ƙarƙashin bishiya."

Auta ya ja mota, daga shi sai ita. Da suka sauka a bakin wurin, Inna ta ji shi tun kafin ta rufe ƙofa, ba a kunne kaɗai ba, har cikin ƙirji. Ta kama ƙarfen gefen matakala ta fara sauka. Dutse ne aka sassaƙa, jiƙaƙƙe, ya yi kore. Auta bai yi ƙarya ba a nan, matakalar ba ta da kirki. Ba ta yi nisa ba gwiwar hagu ta fara rawa, can kuma ta dama ta ce ita ma ba da ita ba. Inna ta zauna daɓas. Ƙarar ta cika ko'ina, ganyaye suna ɗiga, amma wani ƙaton dutse ya tare gaba, ba a ganin komai.

"Kin gani ko," in ji Auta. Sai kuma ya sassauta. "Bari in goya ki."

"Ka goya ni ka zame mu tafi tare, a ce na kashe wa yarinya miji. Matsa."

Ta tattare sabon zaninta, ta sa hannu biyu a dutse, ta ja jiki ta sauka taki ɗaya da zama. Ta sake. Haka ta dinga yi kamar mai rarrafe. Masu yawon buɗe ido suna raɓa ta suna wucewa, wasu su kalle ta, wasu su kawar da kai. Wata yarinya ta ce sannu Kaka, ta ce yauwa. Zanin ya jiƙe ya yi baƙi da laka. Auta yana biye da ita taki-taki, ya rasa inda zai sa hannunsa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Sanyi ya fara sauka a fuskarta, laushi-laushi kamar yayyafi, tun ba ta ga komai ba. Ta tsaya ta shafa kumatunta ta dubi tafin hannun. Sannan ta ja jiki ta zagaya dutsen.

Ya fi ƙarfin kalanda. Ya fi ƙarfin bakin Direba ma, shi da ba a raba shi da ƙarin gishiri. Ruwan yana tahowa daga can sama inda sai ta ɗaga kai har ɗankwali ya zame, yana dukan ƙasa yana tashi kamar hayaƙi, kuma ba ya tsayawa, ba ya jiran kowa ya gama kallo. Inna ta buɗe baki. Ta juya dama da sauri, maganar tana kan harshenta, irin juyin da mutum ke yi wa wanda suka saba zama tare. Auta ne a wurin, yana ƙoƙarin zaro waya daga aljihu.

"Mayar da ita," ta ce.

Ya mayar. Ya tsuguna a gefenta, ruwa yana bin fuskarsa. Can ya matso kusa da kunnenta saboda ƙara, ya ce, "Inna, hawan fa? Yaya za mu yi mu koma sama?"

Ba ta waiwaye shi ba.

"Wannan kai ya dama," ta ce. "Ni ban gama ba."