Sunan da Zaharaddeen Ya Raɗa

Baƙin allo ne kawai, sai wani ɗan farin layi da ke ƙyaftawa a kusurwa. Malam Attahiru ya ɗora kwamfutar a kan buhun gero a zaurensa na Rawayya, ya zuba mata ido tun hantsi.

Ita kaɗai aka kawo masa daga Gusau bayan hatsarin motar da ya ci ɗansa Zaharaddeen a hanyar Tsafe. Shekara huɗu ba su yi magana ba. Ranar da yaron ya ƙi gona ya zaɓi gyaran na'ura, Malam da bakinsa ya ce masa, "Kada ka ƙara kirana Baba." To, yaro ya ji magana. Abin da ke cin tsohon ke nan: da fushinsa ɗan ya tafi kabari, ko ya huce?

Ya kira Hasana a waya, abokiyar aikin marigayin, ko za ta fito masa da hotuna.

"Baba, sai na san wane tsari ke kanta da lambar fitowarsa, in zo da abin gyaran da ya dace," in ji ta. Ta faɗa masa kalmar sirri, sannan ta shiga karanto masa umarnin da zai rubuta harafi-harafi: hostnamectl.

Yatsan da ya saba da ƙotar fartanya ya yi ta dangwalar haruffa biyu a tare. Sau uku yana gogewa, yana tsaki. A na huɗu rubutu ya zubo.

"Nemi inda aka sa Ubuntu. Wace lamba ke gabansa?"

"Ashirin da huɗu, ɗigo, sifili, huɗu."

"Yawwa, na shekarar 2024 ne. A gabana Zaharaddeen ya goge komai ya ɗora shi sabo."

Malam ya lissafa da yatsu. Shekara biyu ke nan bayan faɗansu.

"To wannan na layin farko fa, 'yata?"

"Sunan na'urar ne. A aikinmu duk wanda ya ɗora sabon tsari sai ya raɗa mata suna. Wasu garinsu suke sawa, wasu budurwa. Shi wane suna ya sa?"

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Haruffa shida ne, ƙanana: babana.

"Baba? Kana jina?"

Bai ji ta ba. Wayar ta zame kan tabarma. Kaico, ashe kullum yaron ya buɗe abin nan sai ya kira shi, shi kuwa yana nan yana kumbura shi kaɗai!

A waje awaki na wucewa, babu kowa a zauren. Ya gyara zama, ya share ido da bakin riga, ya dubi allon.

"Na'am," in ji shi.