Kiyashi da Alkakin Ikram

Ranar Laraba da la'asar muka sauke kaskon ƙarshe, ranar Alhamis da hantsi na ga kiyashin farko. Guda ɗaya ne tal a kan murfin kwalla, yana zagaye abinsa kamar wanda aka aiko duba gida. Na murje shi da yatsa, amma gabana ya riga ya faɗi. Duk wadda ta taɓa ajiye kayan zaƙi a ɗakin ƙasa ta san wannan abin ba ya zuwa shi kaɗai.

Alkakin garar Ikram ne, kwalla huɗu. Ikram 'yar ƙanena Ɗahiru ce, uwarta ta rasu tana da shekara uku, a hannuna ta tashi a nan Gwammaja. Ranar Asabar za a kai ta ɗakinta, ranar Lahadi mu kai gara. Kuma ba ko'ina ba sai Shahuci, gidan su ango Bilal, mutanen da har gobe suke cewa kakanninsu ne suka shigo da alkaki garin nan a kan raƙumi. A irin wannan gida ba a duba gado da kujeru yadda ake duba alkaki. Za a karya a ga ko zuma ta ratsa shi, a raba wa dangi da maƙwabta, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni kuwa na ci alwashin ba wadda za ta ci ta taɓe baki ta ce ai dama yarinyar ba ta da uwa.

Kwana uku na yi ina murza alkama da man shanu har tafukan hannuna suka yi ja. Ban bari an sa min sukari zalla ba, sai da na haɗa da zuma. To shi ne wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gero ba zai zo ya ce shi ma da rabonsa.

Kafin azahar ɗin Alhamis kiyashin sun zama layi. Daga wata tsaga a gindin bango suke fitowa, su bi bayan akwati, su hau ƙafar tebur. Na zuba toka, suka kewaye ta. Na ɗauko allin nan na kashe ƙwari da masu koli ke sayarwa, na zana wa teburin da'ira har uku, na gaba suka mutu, na baya suka taka gawarsu suka wuce. Na sa ƙafafun teburin huɗu cikin gwangwanayen ruwa, na ce to yanzu sai in ga mai iyo a cikinku. Da na dawo bayan sallar la'asar, ashe tsinken tsintsiya ɗaya ya faɗa ya jingina da gwangwani, sun mayar da shi gada.

Mahaifiyata 'Yardada tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, tana kallon shigata da fitata.

Ta ce, "Hafsatu, ki ba su nasu mana. Ki ɗiga musu zuma a can nesa, su tafi can. Haka muka ga ana yi."

Na ce, "Inna, in ciyar da su kuma? Gobe ai har na maƙwabta sai sun zo."

"Baƙi ne. Rabo ya kawo su."

"Ban gayyace su ba."

Ta ci gaba da jan carbinta, ni ma na san Inna ba yarda ta yi ba. Da safiyar Juma'a kuwa na tsinci murfin kwalba a bayan randa, an ɗiga zuma a ciki, ya yi baƙi ƙirin da kiyashi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwashe na watsa a kwata, na faɗa wa tsohuwar nan maganganun da bai kamata 'ya ta faɗa wa uwa ba, har da cewa in alkakin nan ya lalace ita ce. Ta dube ni ta ce Allah Ya kyauta, ta shige ɗaki.

Daga nan ban ƙara samun sukuni ba. Ina salla sai in ji kamar abu na bin ƙafata. Ina gaisawa da baƙi, ido na kan bango. Gida ya fara cika da 'yan biki, ana kiran sunana ta ko'ina, wannan na neman gishiri, waccan na tambayar inda aka sa lalle, ni kuwa duk bayan 'yan mintoci sai na sulale na leƙa ɗakin. Da na buɗe kwalla ta biyu na ga guda biyar a cikin murfin, a ciki fa, ba a waje ba, sai na mayar da murfin da sauri. Tsoro na ji, tsoro sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ce min ina da ciwon suga.

Na yafa mayafi na fita da kaina har bakin titi na sayo kalanzir kwalba guda. Na zubar da ruwan gwangwanayen na cika su da shi. Na tsiyaya a tsagar bango. Na jiƙa tsumma na goge ƙafafun tebur, na goge samansa, da na ga ragowa sai na bi gindin kwallayen da gefensu na shafe tas. Sannan na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon zani, na datse da kwaɗo, na ƙulle makullin a haɓar zanina.

Ikram ta tarar da ni ina wanke hannu, ƙafafunta ɗaure da ledar lalle, tana takawa da ƙyar.

"Gwaggo, ki ɗan zauna mana. Tun jiya ban ga kin ci abinci ba."

"Zan zauna ranar Litinin."

"To a ba ni guda ɗaya in ɗanɗana. Nawa ne fa."

"Kya ci a gidanki."

Haka na hana kowa. Ƙannena mata sun roƙa, na ce hannu ɗaya in ya shiga, goma za su biyo. Ni kaina ban taɓa ba saboda ciwona, ɗan gutsuren da na ɗanɗana ranar tuya ya ishe ni sanin abin da na yi. Ranar Asabar sau biyu na buɗe ɗakin na leƙa. Zafi kamar tanda, ga wari, amma ko kiyashi ɗaya babu. Warin kuwa ban ɗauke shi komai ba, don a lokacin hannuna da zanina da hancina duk shi suke yi. Har wani daɗi na ji, na ce a raina na gama da ku.

Ranar Lahadi da hantsi muka isa Shahuci, mu tara a mota biyu, da buhunan shinkafa da jarkokin mai da kwallayena huɗu a gaba. Aka shimfiɗa mana darduma a babban falo mai sanyi, turaren wuta na tashi. Hajiya Amira, yayar uban ango, ita ce mai karɓa. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka fito da amarya ta zauna a gefe cikin ƙannen mijinta, kanta a lulluɓe. Sai Hajiya ta ce a buɗe.

Ni na ɗaga murfin da hannuna. Alkakin ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, jawur yana sheƙi, ba wanda ya karye. A tsakiyar ƙamshin turaren nan kuma sai hancina ya buɗe, na ji abin da na kasa ji kwana biyu.

Hajiya Amira ta ɗauki ɗaya ta karya, ta duba cikinsa, ta gyaɗa kai. Ta kai baki. Na ga lokacin da taunar ta tsaya. Ba ta tofar ba, matar nan ta haɗiye, ta kurɓi ruwa, ta goge bakinta a hankali.

Ta ce, "An sha aiki. Allah Ya saka da alheri." Ta ajiye ragowar a faranti. "Ina jin a mota ya ɗan ɗauko wani abu. Motocin yanzu."

Ta sa a buɗe ta biyu, ta sunkuya kaɗan, ta ce a mayar da murfin. Ta uku da ta huɗu ba ta ce a buɗe ba. Farantan da aka jero don rabon dangi suna nan a gefe, wata ta fara tattara su a hankali don kada su yi ƙara. A bayana na ji wata tana tambayar ta kusa da ita, ƙasa-ƙasa, wai wa ya riƙe yarinyar.

Na so in yi magana, in ce kiyashi ne, in ce kwana uku na yi. Kunya ta rufe ni har ina jin zufa na bin bayana.

Sai Ikram ta taso. Amaryar jiya, wadda ko ɗaga kai bai kamata ta yi a gaban surukai ba, ta tako har tsakiyar falon ta durƙusa a gaban kwallar. Ta zaro hannu daga cikin mayafi ta ɗauki guda, ta ci. Ina kallon maƙogwaronta yana ƙin karɓa tana tura shi. Ta cinye tas, ta lashe yatsa.

Na ce, "Ikram, ajiye."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Hajiya, in ba za a raba ba, a kai min ɗakina. Gwaggona ce ta yi min."

Ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu.