Sunan Baba Mai Gadi

Me ya sa, cikin duk masu ci a ƙarƙashinsa, ɗan majalisa ya zaɓi Baba mai gadi ya ɗora wa laifin? Gardamar da muke yi ke nan ni da telan unguwarmu a ƙofar ɗakin Baba, ranar da numfashinsa ya fara sarƙewa.

An kama magungunan asibitin unguwa jibge a siton ɗan majalisar. Shi kuwa ya tsaya gaban 'yan jarida ya rantse bai taɓa ganinsu ba, wai makulli na hannun mai gadinsa. Alhali Baba, maƙwabcina, watansa huɗu a kwance, ko buta ba ya iya ɗagawa.

"Tsoro ne kawai," in ji tela. "Mutum in ya hango ankwa, uwarsa ma sai ya nuna."

Na ce, "Mai tsoro ba ya tsayawa ya zaɓa. Wannan zama ya yi, ya duba wanda ba zai iya tashi ya ƙaryata shi ba."

Ashe Baba na jinmu.

"Ku shigo, magulmata," ya ce, muryar da ƙyar take fita. Muka tsuguna gefen katifa. "Duk kun ɓata. Ya san ba a ɗaure mai mutuwa. Da direba ya ambata fa? 'Ya'yansa biyar. Ni me ya rage mini?"

'Yarsa tana matse tsumma a kwano, ta ɗago kai. "Sunanka, Baba. Jiya a bakin famfo aka ce mini 'yar ɓarawo."



"Zai gyara," in ji Baba. "Ni na riƙa kai shi makaranta a keke. An ce ƙarfe huɗu zai yi magana. Ɗauko mini rediyo, uwata."

"Wallahi muryarsa ba za ta shigo ɗakin nan ba."

Bai sake roƙo ba. Bai kuma kai huɗun ba. Tela ya shafe masa idanu, ya ja zane ya rufe shi, ya fita sanar da mutane. Ni na kasa tashi.

Can sai 'yar ta miƙe, ta sauko da rediyon daga saman kabad, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ajiye kusa da kan mahaifinta. Ta yi ta murɗawa har ta samo tashar. Ɗan majalisar ya fara da dogayen gaishe-gaishe.

Ta ƙara muryar kaɗan, ta zauna.