Ranar da Ottavio Ya Koma Gidan Burodi

Tun kafin rana ta yi zafi Marisa Bressan ta kewaye rabin filin ajiye motoci da jan ƙyalle, a gaban jerin kantunan da ke bakin babban titin garin Ingham. Ita da abokin aikinta Clem Warkill suka shiga sauke gumagumai daga tirela. Na kankare ne, kowanne ya kai tsawon mutum, irin waɗanda ake kafewa a ƙasa don tayar mota ta tokare su ta tsaya, kada hancinta ya haura inda mutane ke wucewa. Aiki ne da hannunta ya saba da shi, amma wannan kam da ƙyar ta karɓa.

Dalilin kuwa duk gari ya sani. Kwanakin baya mahaifinta Ottavio ya zo sayen burodi kamar kullum, ya nufi taka birki, ƙafa ta sauka a kan totur. Motar ta haure dakali, ta fasa gilashin gidan burodin Dulcie, ta tsaya tsakanin farantan kek. Allah ya taƙaita, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Mutumin da ya tsufa a kan tarakta cikin gonar rake bai taɓa take ko kaza ba, shi ne ya kai lasinsa na tuƙi wurin 'yan sanda da hannunsa. Tun ranar bai sake leƙo gari ba. Ko coci ya daina zuwa.

"Gidanku kun iya sana'a," in ji Clem, yana goge zufa da hularsa. "Uba ya fasa, 'ya ta gyara."

"Clem, ka ga injin huda a hannuna yake."

"Ai na yi shiru."

Suka auna daga bakin dakali, suka ja igiya mai alli, suka jera gumaguman a kan layi. Marisa ta riƙa huda kwalta ta cikin ramukan da ke jikin kowane gungume, Clem na bin ta da guduma yana dasa dogayen ƙusoshin ƙarfe. Duk ƙarar da ta tashi sai fararen aku su watse daga kan wayar lantarki, su zagayo su dawo suna masifa.

Sun ci rabin layi ke nan ƙaramar bas ɗin da ke kwaso tsofaffi daga gonaki ta tsaya a bakin titi. Marisa ba ta ko ɗaga kai ba, don mahaifinta ya sha rantsuwa gara ya mutu a gida da ya shiga motar nan. Sai da Clem ya zungure ta. Ga Ottavio yana saukowa a hankali, da riga mai guga, da malafarsa ta zuwa coci, da jakar leda a hannu.

Ya ɗaga jan ƙyallen ya sunkuyo ya shigo. Bai gaishe ta ba. Ya tsaya a kan gungume ɗaya, ya ɗan haure shi da takalmi.

"Wannan abin ba zai tare ni ba," ya ce.

"Na sani, Baba. Wannan na masu lallaɓowa ne. Irinka sai turakun ƙarfe, su kuma sai mako mai zuwa."

"Har sunanka za mu rubuta a jikinsu, Kawu," in ji Clem.

Marisa ta zaci tsohon zai juya ya koma. Sai ta ga kafaɗunsa na motsi. Dariya yake yi, marar sauti, irin wadda rabonta da gani tun kafin abin ya faru.

"Ɗan banza," ya ce wa Clem. "Kakanka ma haka bakinsa yake." Ya kanne ido ɗaya ya dubi layin. "Marisa, aikin nan ya karkace."

Bai karkace ba, ta kuma san bai karkace ba. Amma ta miƙa masa bakin igiya, ta ce ya riƙe mata. Ya ajiye jakarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya danne igiyar da babban yatsa kamar mai shirin dasa rake. Haka suka yi ta yi, yana ba da umarni, suna cewa to. Abu ɗaya ta lura da shi: duk inda ya juya, bayansa yake ba gidan burodin.

Can sai ƙofa ta buɗe, Dulcie ta fito da tire, shayi kofi uku da kek mai barbaɗin kwakwa. Gajeriyar mace ce mai furfura, garin fulawa har gwiwar hannu. Ta dire tiren a kan tirela, ta riƙe ƙugu.

"Ottavio Bressan! Da mota ka shigo mini ba sallama, yanzu da ƙafa ka kasa?"

Ya miƙe, ya cire malafa, yana murza bakinta. "Dulcie, ban san da wane ido zan dube ki ba."

"Da waɗannan biyun mana, in sun gaza ka sa tabarau. Gilashi an sa wani, ya ma fi na da haske. Ka san abin da ya ƙona mini rai? Burodin nan mai taurin tsiya da nake gasawa, duk garin nan ba mai haƙorin cinsa sai kai. Kullum in gasa, kullum in ba tsuntsaye."

Ottavio ya sunkuya ya ɗauko jakar ledar ya miƙa mata. Gwanda ce, manya, daga bishiyar bayan gidansa. Dulcie ta leƙa, ta shinshina ɗaya.

"Ta nuna. To, wuce mu je. Ta ƙofa, don Allah."

Marisa ta bi su da kallo ta cikin sabon gilashin. Ta ga ya tsaya yana duban ƙasa, inda aka sake tayil, Dulcie kuma ta tura masa kujera ta ci gaba da surutu. Marisa ta kurɓi shayinta, sannan ta juya baya ta share ido da gefen riga. Clem ya shiga neman wata ƙusa da ba ta ɓata ba.

Wajen tsakar rana suka gama ɓangaren, suka kwance ƙyallen. Wata mata ta shigo da ƙaramar mota, tayar ta taɓa gungumen a hankali, matar ta kashe injin, ta fita abinta ko kallonsa ba ta yi ba.

Ottavio ya fito da burodi a hammata.

"Jira in kai ka gida, Baba."

"A'a, yi aikinki. Bas ɗin na dawowa yanzu." Ya gyara malafa. "Kin san an sake wa tsohuwar makarantarku rufi? Ta taga na gani. Ni da nake tuƙi, titi kawai nake kallo."

Ya tsallaka ya tsaya a inuwa tare da wasu tsofaffi biyu, nan da nan musu ya kaure a kan ruwan bana. Marisa ta naɗe igiyarta, ita da Clem suka ja tirela zuwa ɗaya ɓangaren filin.